Idan an kwantar da naka a ɗakin da ake kullewa a asibitin ƙwaƙwalwa

Mu nan Kaduna in rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ta yi tsanani a gida yawanci Barnawa ake nufa, asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, wasu kuma su wuce asibitin koyarwa na ABU a Shika. To a irin waɗannan asibitoci akwai ɗakin kwanciya da ba kamar sauran ba, ƙofa a kulle take, baka shiga sai an buɗe maka, mara lafiyan kuma baya fita sai likita ya yarda. Dangi da yawa ranar farko ransu ɓaci yake yi, ana caje musu jaka ana maido musu da rabin kayan da suka kawo, sai kaji ana cewa sai kace gidan yari muka kawo shi. Wallahi ina gane wannan zafin. Amma abinda nake so ya zauna a ran duk mai jinya shi ne, sau da yawa abin da yake cutar da mara lafiya a cikin ɗakin nan ta hannun masoyinsa yake shiga, uwa ce ta tausaya ta ɓoye masa reza a cikin sabulu dan ya yi aski, aboki ne ya miƙa masa ƙwaya biyu dan ya samu barci. Kuma a ɗaya gefen, wanda aka kulle bashi da mai sa ido akan haƙƙinsa sai ku. Aiki biyu ne a wuyanku kenan, ku kiyaye doka, ku kuma tabbatar ana kiyaye ta a kansa.

Farko, ka san da wane matsayi aka kwantar da shi

Hanya uku ce. Akwai wanda ya yarda da kansa ya sa hannu. Akwai wanda bai yarda ba amma likitoci suka ga in an bar shi zai cutar da kansa ko wani, ko jikinsa zai lalace dan baya ci baya sha. Sai na ukun wanda kotu ce ta turo shi, ko dai a duba hankalinsa kafin shari'a ko a tsare shi ana masa magani, wani lokaci ma zaka ga gandiroba ko ɗan sanda na zaune kusa. Wannan na ukun ko kai ne ubansa bazaka iya sa hannu ka tafi da shi ba, maganarsa tana hannun alƙali, lauya zaka nema, in babu hali akwai hukumar ba da lauyoyi kyauta ta gwamnatin tarayya kuma tana da ofis a Kaduna.

Tun ranar farko ka tambayi likita kai tsaye, ranka ya daɗe da wane matsayi aka kwantar da shi, waye likitan da yake hannunsa, yaushe za'a sake duba maganar tsarewar. Ba rashin kunya bane. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta 2021, wadda marigayi Buhari ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta samo asali tun daga dokar Turawan mulki ta 1916, kuma sabuwar ta amince cewa mai taɓin hankali mutum ne mai haƙƙi, a masa bayani, a rufa masa asiri, kar a wulaƙanta shi, ta kuma hana ɗaure shi da sarƙa.

Ranar kwanciya: kar ka ɓoye komai

Nan ne kunya take mana illa. Nas zata tambaya yana shan wani abu, sai uba ya sunkuyar da kai yace a'a yaron kirki ne, alhali gida kowa ya san yana shan tiramadol ko kodin ko wiwi ko yana shaƙar sholisho. Dan Allah a faɗa, a faɗi wanne, nawa yake sha a rana, yaushe ya sha na ƙarshe. Dalili kuwa mai shan giya kullum in aka yanke masa lokaci ɗaya zai iya farfaɗiya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, a kwana na biyu ko na uku kuma ya ruɗe jiki na rawa gumi na zuba yana ganin abubuwa, wannan halin yana kisa in ba'a shirya masa ba. Haka mai shan ƙwayar barci irin su Valium ko roci kullum. In sun sani zasu rage masa a hankali da magani, in basu sani ba tsakar dare abin zai faɗo musu.

Ka faɗa in ya taɓa cewa ya gaji da rayuwa, ko ya taɓa shan fiya-fiya, ko an taɓa kama shi da igiya. Ka faɗa in ya taɓa dukan wani da kuma wanda yake zargi, in yana cewa matar babansa ce take sa masa guba to su sani, kuma ita kar ta zo dubiya yanzu. Hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, asma, ciki ko shayarwa in mace ce, maganin da ya taɓa masa illa, duk a zayyana. Daga irin wannan bayanin suke yanke ko za'a riƙa leƙa shi lokaci-lokaci ko sai an sa mutum ya zauna da shi ido da ido dare da rana.

Sannan za'a caje shi da kayansa. Ka nemi namiji ya caje namiji, mace ta caje mace, a kuma keɓe. Abin da aka karɓa, waya, kuɗi, zobe, katin banki, ko dai ka tafi da su gida wanda shi yafi, ko a rubuta a takarda ka sa hannu. In yana da laya ko guru ko kambu a jiki kai ka faɗa musu da bakinka, saboda igiyar da ke jiki.

Haɗa jaka

Wannan ne wurin da nake so a daɗe a kai. Kafin ka saka kowane abu ka tambayi kanka abu huɗu: yana yanka, yana ɗaurewa, yana kama wuta, in an haɗiye shi yana cutarwa? In amsar ɗaya ta zama eh, ajiye shi gida.

Masu yanka sun haɗa da reza, askar aski, almakashi, abin yanke farce, allura, fil na ɗankwali, wuƙar yanka lemo, cokali mai yatsu, madubi, kwalbar turare, kofin tangaran ko na gilas, gwangwanin madara ko na kifi dan murfinsa kaifi gare shi. Ko cokalin ƙarfe ana wasa shi a siminti ya zama makami. Na roba zaka kawo.

Masu ɗaurewa su ne waɗanda mutane suka fi mantawa. Bel, igiyar takalmi, wayar caja, iyafis, igiyar shanya, hannun jaka mai tsawo, da zariyar wando. Zariyar nan kusan kowa yana mantawa da ita, a ɗauko masa kaftani da wandonsa a ninke a kawo, alhali igiya ce mai ƙwari a ciki. A zare ta a kai wa tela ya sa roba, ko a siyo wando mai roba, takalmi kuma silifas ya isa. Ga mata, dogon gyale da mayafi da hijabi mai igiya abin tambaya ne, kar ki yanke hukunci da kanki, ki ce Sista wanne zan kawo mata, dan suturarta haƙƙinta ce kuma akwai ƙaramin hijabi marar igiya da zai rufa mata asiri. Carbi ma a tambaya, in sun ce a dakata ya yi tasbihi da yatsu. Gidan sauro kuwa, duk da damina a Kaduna sauro ba wasa, kar ka ɗaura shi da igiyarka ba tare da sanin nas ba. Kuma ko naka bashi da tunanin cutar da kansa, na gadon kusa da shi fa? Ɗaki ɗaya suke kwana, abin da ka kawo wa ɗanka da safe zai iya zama a hannun ɗan wani da daddare.

Masu wuta: ashana, leta, sigari, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, hita ta dafa ruwa. Masu guba: Hypo, Dettol, Izal, fiya-fiya, man kashe ƙwarƙwata, kowane irin magani ko da Panadol ne. Leda ma kar a bar ta a wurin, a juye abu a fito da ita.

Abin da zaka kawo bashi da yawa: kaya kala uku ko huɗu masu sauƙi, sabulu, buroshi da man goge baki, man shafawa a robarsa, ƙaramin tawul, butar roba, bokitin roba in sun yarda, dadduma, Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki gwargwadon addininsa. Ka rubuta sunansa a jikin kayan. Abinci in an yarda a shigo da shi, a robar abinci, nama a cire ƙashi, kifi a cire ƙaya, lemo a ɓare tun daga gida. Wasu magungunan suna sa haɗiya ta yi wuya ko mutum ya riƙa cin abinci da gaggawa, dan haka ƙaton tsoka ko busasshen burodi ba ruwa zai iya shaƙe shi. Goro da kofi da lemon ƙara kuzari suna hana barci, shi kuwa barcin nan rabin magani ne. Kuma ka bari a buɗe kular a duba, ba zarginka ake ba, kowa haka ake masa.

Zuwa dubiya

Ka tambayi ranaku da lokutan ziyara ka tsaya a kansu. Kar a kwaso mota guda har da maƙwabta, mutum biyu da yake jin daɗinsu sun fi goma da zasu zagaye shi suna kallonsa suna kuka. Ƙananan yara a bar su gida sai likita ya ce lokaci ya yi.

Maganar ƙofa. In an buɗe maka ka shige ka tsaya har a kulle, kar ka riƙe wa kowa ita. Zaka iya haɗuwa da mutum tsaf-tsaf da hula da gaisuwa mai kyau yace Alhaji dan Allah dakata mu fita tare, kai ka ɗauka mai dubiya ne ashe mara lafiya ne. Ka ce masa da ladabi bari Sista ta zo. Haka in wani ya baka saƙo ko yace ara min waya in kira gida, ko siyo min sigari ga kuɗi, ka kai maganar wurin nas. Hoto da bidiyo kuwa kar ma ka fara, akwai 'ya'yan mutane a ciki da danginsu basu so duniya ta sani, kuma ko naka ne ranar da ya warke ya ga hotonsa ya zaga WhatsApp ciwon da zai ji ba kaɗan bane.

Ka zauna inda ma'aikata ke ganinku, kai kana ɓangaren ƙofa, kar ka shiga lungu ko banɗaki da shi ku biyu in har yanzu bai natsu ba. In yace ana binsa ko ana masa magana ta rediyo kar ka tsaya musu, kar kuma ka gaskata masa, ka ce Yaya na ga abin yana tsorata ka, muna tare da kai. Kaga ya fara safa da marwa, ya dunƙule hannu, murya ta tashi, ido ya kafe a kanka, to ka rage murya ka ja baya a hankali ka kira nas, kar ka riƙe shi kar ka daka masa tsawa wai kai ne babba. Sai alƙawari: kar ka ce gobe zan zo in tafi da kai dan kawai ya bar ka ka fita. Goben zai shirya ya zauna bakin ƙofa, in baka zo ba ma'aikata da sauran marasa lafiya ne zasu sha, kuma ya daina yarda da kai. Ka ce likita ne zai faɗa, ni kuma ranar kaza zan dawo, ka kuma dawo ɗin.

In ya raɗa maka cewa zai gudu ko zai kashe kansa yace kar ka faɗa wa kowa, ka faɗa kafin ka bar wurin.

Magani

Nas ce kaɗai ke ba da magani, kuma in kaga tana cewa buɗe baki ɗaga harshe, dalili shi ne wasu suna ɓoyewa a kumatu su tofar, wasu su tara su shanye lokaci ɗaya. Ka tsinci ƙwayoyi a ƙasan filo ko aljihu ka miƙa mata. Jiƙo da garin magani da hayaƙi kar a shigo da su a ɓoye, ba wanda ya san yadda zasu haɗu da na asibiti a jiki. Addu'a ba mai hana ka, in rubutu ne ko zamzam ka nuna musu tukuna, malami ko fasto in zai zo a nemi izini.

Akwai alamomin da ido na gida yake saurin gani. Magunguna irin su haloperidol kan sa wuya ya murɗe, ido ya juye sama, harshe ya fito, musamman ga samari a kwanakin farko. Mutane sai su ce aljanu ne suka tashi, alhali illar magani ce kuma akwai allurar da take warware ta cikin ɗan lokaci, kira nas kawai. In kaga baya iya zama wuri ɗaya ƙafa na ta motsi ka faɗa, shi ma sau da yawa daga maganin ne. Largactil yana sa jiri in an miƙe da sauri. Wanda yafi haɗari shi ne zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da gumi da ruɗewa, wannan na gaggawa ne, kar a ce maleriya ce a jira safiya. Mai shan lithium kuma rashin ruwa a jiki yana maida maganin guba, a zafin Maris da Afrilu a kula da shan ruwa, gudawa da amai da rawar hannu mai ƙarfi da tangaɗi a sanar nan take, maganar azumi kuma a yi ta da likita kafin watan ya kama. Artane ko Exol da ake bayarwa dan rage sandarewa ita kanta 'yan shaye-shaye suna nemanta, dan haka in yana roƙonka ka siyo masa ƙari daga kemis kar ka siyo.

In an danne shi ko an keɓe shi

Akwai lokacin da mara lafiya zai tashi da ƙarfin da sai an riƙe shi an masa allura, ko a keɓe shi a ɗaki shi kaɗai na ɗan lokaci. Ganin haka da ciwo. Amma akwai iyaka, kuma ya kamata ku santa. Ana yi ne in lallashi ya gaza kuma akwai haɗari a take, da umarnin likita, na gajeren lokaci, ana dubansa akai-akai, ana bashi ruwa da abinci da damar zagayawa, a kuma rubuta a fayil. Ba'a danne mutum rub da ciki a hau bayansa ko a matse masa wuya, haka numfashi ke ɗaukewa. Ba'a yi dan horo ko dan ma'aikata sun yi kaɗan. Duka, mari a ƙafa, sarƙa, hana abinci, babu ɗayansu da yake magani. Mu 'yan Kaduna mun gani da idonmu a Satumban 2019 lokacin da 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma iyaye ne da kansu suka kai da yawansu suna neman gyara.

Saboda haka in ka zo dubiya ka duba wuyan hannunsa da idon sawu da bayansa. Kaga rauni ka tambaya cikin natsuwa me ya faru, yaushe, wa ya ba da umarni. In yace wani ya dake shi, ko mace tace wani ya taɓa ta, kar ka ce ai ciwo ne ke magana, a bincika, musamman mata. Ka fara da shugabar nas-nas ta ɗakin, sai babban likitansa, sai ma'aikatan walwala, sai teburin karɓar koke-koke na SERVICOM ko ofishin shugaban asibiti a rubuce kana riƙe da kofi, in abin bai gyaru ba akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ka riƙe ƙaramin littafi kana rubuta rana da abin da ka gani. Su ma ma'aikatan nan ana dukansu ana tofa musu yawu suna haƙuri, in ka je da mutunci yawanci zaka samu mai saurarenka.

In ya gudu

Ka bar musu lambar waya biyu da suke shiga ko da tsakar dare, da sunayen wuraren da zai iya nufa, gidan kaka, majalisar abokai, tashar Kawo ko Mando ko Talbijin in mai son tafiya ne. In ya iso gida kar a tara masa samari da igiya, a bashi ruwa da abinci, a janye wuƙaƙe da makullin mota, a kira asibiti. In akwai haɗari a kira 112. Wanda kotu ta tsare kuwa ɓoye shi laifi ne a kanku.

Sallama

Kar ku matsa a sallame shi dan ya yi kwana biyu yana magana daidai ko dan biki ya matso. In kuɗi ne matsalar ku faɗa wa ma'aikatan walwala a fili. Makonnin farko bayan sallama suna cikin lokutan da haɗarin kashe kai yafi yawa, dan haka kafin ya dawo a zaga gidan: maganin ƙwari da na feshin gona da kalanzir da fetur ɗin janareto a kulle, rijiya a rufe, tsofaffin magunguna a fitar. Mutum ɗaya tsayayye ya riƙe maganinsa yana bashi kullum, kar a damƙa masa na wata guda a hannu. In allurar wata-wata yake yi a rubuta ranar a kalanda da kuma wayar mutum biyu. Kafin ku bar asibitin ka karɓi katin ranar dawowa, sunayen magungunan a rubuce, da lambar da za'a kira, ka kuma sa likita ya faɗa maka alamomin da in ka gansu zaka dawo da shi ba sai ranar ta yi ba, kamar ya kwana biyu bai yi barci ba, ya daina cin abinci, ya fara kulle kansa a ɗaki, ko ya fara raba kayansa yana neman yafiyar mutane.